TSUTSAR CIKI A JIKIN DILAN AMURKA: DARASI DOMIN ƘUNGIYOYIN MANOMA

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata zai kai mu nesa da gida, can ƙasashen Amurka da Kanada. A can akwai wani naman daji mai kama da dila, wanda su ke kira koyoti. Likitocin dabbobi da masu binciken namun daji sun yi shekaru da yawa suna buɗe hanjinsa suna duba tsutsotsin da ke ciki. Abin da suka gano ya ba manoman ƙasashen nan tsoro, gama waɗansu daga cikin tsutsotsin suna shiga tumaki da shanu, wata kuwa tana kashe mutum.

Mun zaɓi wannan labari domin an bi sawun tsutsar koyoti daki-daki, daga daji har cikin gida. Wanda ya gane hanyar da ta bi a can, zai gane irinta a ƙauyensa. Abin da mu ke so kowa ya riƙe ke nan: kowace tsutsa tana da hanyar da ta ke bi daga wannan ciki zuwa wancan, hanyar nan kuwa abinci ce da ruwa da ƙasa. In an san hanyar, ana iya tare ta.

Shugaban ƙungiya ya sa a karanta darasin a taro biyu. A taro na fari a karanta kashi na 1 zuwa na 5, a na biyu a ƙarasa, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe. A gayyaci mahautan gari da maharba su zo su ji.

1. WANE NE KOYOTI?

Koyoti dangin kare ne da dila da kyarkeci. Ya fi dilanmu girma, nauyinsa daga kilo 9 zuwa 20, gashinsa toka-toka da ja-ja, kunnuwansa a tsaye, wutsiyarsa mai gashi da yawa. Sunan ya fito daga harshen Aztek, mutanen dā na ƙasar Meziko. Macen ta kan yi ciki kwana 63 kamar karya, ta haifi 'ya'ya 5 ko 6 a cikin rami sau ɗaya a shekara.

Kafin shekarar 1900 yawancinsu suna filayen ciyawa da hamadar yammacin Amurka. Da aka sare dazuzzuka domin noma, aka kuma kashe manyan kyarketai waɗanda su ke korarsu, sai suka bazu ko'ina. Yau ana samunsu daga Alaska a can arewa mai sanyi har Fanama a kudu. Suna zaune har cikin manyan birane kamar Shikago da Kalgari, suna yawo da dare a filayen wasa da bayan gidaje.

Koyoti ba ya zaɓen abinci. Yana cin ɓeraye, zomaye, kwaɗi, 'ya'yan itatuwa, 'yan barewa, mushe, da abin da ya samu a juji. In ya sami sarari ya kan kama ɗan rago ko kaza. Wannan rashin zaɓe shi ya sa ya yi yawa, shi ne kuma ya cika masa ciki da tsutsa, gama da yawa daga cikin dabbobin da ya ke ci suna ɗauke da 'ya'yan wata tsutsa a jikinsu.

2. YADDA AKA GANO ABIN DA KE CIKINSA

Masu bincike suna da hanya biyu. Ta fari, su kan tsince kashin koyoti a daji ko a gefen gari, su dama shi da ruwan gishiri ko ruwan sukari mai kauri. Ƙwayayen tsutsa su kan taso sama, a kwashe su a duba da madubin likita. Ta biyu, su kan karɓi gawar koyoti daga maharba da masu ɗana tarko, su tsaga hanjin, su kankare shi, su ƙirga tsutsotsin ɗaya ɗaya.

Ku lura da wani abu. Kafin su taɓa hanjin, sai sun sa shi cikin wani injin sanyi na musamman, mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, har kwanaki. Sanyin firji na gida ba ya kashe ƙwan wata tsila da za mu yi maganarta a gaba. Mutanen da suka fi kowa sanin wannan tsutsa su ne suka fi kowa jin tsoronta.

Da wuya a buɗe koyoti a tarar ba tsutsa ko ɗaya. Sau da dama a kan sami iri 2 ko 3 a hanji guda. Duk da haka babban koyoti yana yawonsa lafiya, gashinsa yana sheƙi. Ba a gane mai tsutsa da ido, haka kuma ga karen gida.

3. TSUTSOTSIN DA KE BI TA ƘASA

Waɗansu tsutsotsi ba su bukatar wata dabba a tsakani. Ƙwansu yana fita cikin kashi, ya kwanta a ƙasa, ya jira.

Ta fari ita ce tsutsa mai ƙugiya. Tsawonta bai kai santimita 2 ba, amma tana da haƙora. Ta kan kama bangon hanji ta sha jini, in ta saki ta koma wani wuri sai inda ta bari ya ci gaba da zubar jini. 'Ya'yanta su kan ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima da ɗumi, su huda fata su shiga jiki. Waɗansu su kan kwanta a naman uwa, sai ta haihu su farka su bi nono su shiga 'ya'yanta. A kudancin Teksas, inda a ke zafi, wannan tsutsa ta yi yawa ƙwarai a cikin 'ya'yan koyoti, wanda ta yi wa yawa kuwa jininsa ya kan ƙare ya mutu tun yana rami. Mutum in ya taka irin ƙasar nan ba takalmi, 'ya'yan tsutsar su kan shiga fatar ƙafa su yi ta yawo, su bar jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi mai tsanani.

Ta biyu ita ce macijin ciki na dangin kare, fari, dogo kamar taliya. Akwai iri biyu a koyoti. Ƙwan ɗaya daga cikinsu, wanda a ke kira Toksokara, yana da ɓawo mai kauri. Bayan mako 2 zuwa 4 a ƙasa ya nuna, yana kuma iya daɗewa da rai shekara da shekaru. Yaron da ya yi wasa da ƙasar ya kai hannu baki ya haɗiye shi. Tsutsar ba ta girma a cikin mutum, sai dai ɗanta ya yi ta ɓata cikin jiki, ya shiga hanta ko huhu, wani lokaci ya kai ido har ido ya lalace.

Waɗannan biyu karnukanmu ma suna da su. Ɗan kwikwiyo mai ƙaton ciki, mai farin dasashi, wanda ba ya girma, yawanci su ne suka kama shi.

4. TSILA TANA BUKATAR MASAUKI BIYU

Tsila dabam ta ke. Irin da za mu yi maganarta a nan ba ta iya cika rayuwarta sai ta sauka a dabba biyu: mai cin ciyawa da mai cin nama. Bari mu bi ta da misalin wadda aka fi samu a koyoti, watau tsilar zomo.

Babbar tsila tana hanjin koyoti, faffaɗa kamar igiyar kaba, gaɓa-gaɓa. Gaɓoɓin ƙarshe cike su ke da dubban ƙwayaye, su kan tsinke su fita cikin kashi. Ruwan sama da ƙudaje su watsa ƙwayayen bisa ciyawa. Zomo ya zo ya ci ciyawar. A cikin zomo ƙwan ba ya zama doguwar tsila. Ɗan tsutsar ya kan ratsa hanta ya zama 'yar jakar ruwa kamar ƙwayar wake, da kan tsila a naɗe a ciki. Nan zai zauna yana jira. Ran da koyoti ya kama zomon ya cinye da kayan ciki, jakar ta fashe, kan ya kama hanji, cikin 'yan makonni ya zama babbar tsila mai yin ƙwai. Zagaye ya cika.

Wata tsilar tana yin haka da barewa da tumaki da awaki. Mahautanmu sun san ta sarai: ita ce jakar ruwan nan mai kama da ƙwai marar ɓawo, da ke reto a jikin kitsen tumbi ko gefen hanta. In 'ya'yanta suka ratsa hantar ɗan rago da yawa a lokaci guda, su kan ɓata ta, har ɗan ragon ya mutu.

Ga dokar da za mu riƙe. Mai cin nama yana kamuwa ta wurin cin kayan ciki ɗanye. Mai cin ciyawa yana kamuwa ta wurin kashin mai cin nama. Tunkiya ba ta ba tunkiya wannan tsila. In aka hana ɗaya daga cikin matakan nan biyu, tsilar ba ta da hanyar ci gaba.

5. ƘARAMAR TSILA MAI KISA

Cikin dukan tsutsotsin koyoti, wadda ta fi haɗari ita ce ta fi ƙanƙanta. Sunanta Ekinokokus. Irin da ke koyotin Kanada bai wuce milimita 4 ko 5 ba, watau bai kai ƙwayar shinkafa ba. Koyoti ɗaya yana iya ɗaukar dubbai, ba ya ko rama.

Masaukinta na biyu ɓerayen daji ne. Ɓera ya ci ƙwan, hantarsa ta cika da ƙananan jakunkuna, ya yi nauyi, ya kasa gudu, koyoti ya kama shi da sauƙi. Bayan kamar mako 4 koyotin ya fara zubar da ƙwai. Kare in ya ci irin ɓeran nan, daidai ya ke da koyoti. Ƙwan yana manne wa gashinsa da bakinsa da tafin ƙafarsa, yana kuma iya kama mutum tun ranar da ya fito.

Mutum in ya haɗiye ƙwan, ko daga hannun da ya shafa kare, ko daga ganye da 'ya'yan itacen da ba a wanke ba, ya shiga matsayin ɓera. Tsutsar ta kan kafa a hantarsa, ta yi ta tsiro tana ratsa nama kamar ciwon daji. Shekara 5 har zuwa 15 ba ya jin kome. Sa'ad da ciwon ciki da shawara da rama suka bayyana, ta riga ta ci wuri mai yawa. In ba a yi magani ba, fiye da mutum 9 cikin 10 su kan mutu cikin shekara 10 zuwa 15. Magani shi ne fiɗa a yanke gefen hantar da ya ɓaci, in da hali, da shan ƙwayar albendazol shekaru, waɗansu ma har iyakar ransu.

A dā, in ban da Alaska, mutum 2 kaɗai aka sani sun kamu da ita a dukan Amurka ta Arewa: ɗaya a Manitoba a 1928, ɗaya a Minesota a 1977. Don haka likitoci ba su damu da ita ba. A 2009 sai aka sami wani kare a yammacin Kanada da cutar a hantarsa, bai kuwa taɓa fita ƙasar ba. Da aka gwada, aka ga irin tsilar Turai ce, wadda ta fi kama mutum. Masana suna zaton ta shigo ne cikin karnuka ko yanyawa da aka kawo daga Turai ba a ba su magani ba.

Aka koma kan koyoti. Cikin 91 da aka duba a kewayen biranen Kalgari da Edmanton daga 2009 zuwa 2011, an sami tsilar a 23, watau 1 cikin 4. A kudancin Ontariyo an duba dabbobi 460 daga 2015 zuwa 2017, kusan dukansu koyoti, aka same ta a kashi 23 cikin 100, a yankin da a dā a ke cewa babu ita. A 2013 aka ga mutum na fari da ya kamu a lardin Albata. Daga 2013 zuwa 2020 sun kai 17. Da yawa daga cikinsu masu kiwon kare ne.

Ku duba yadda abin ya tafi. Mutanen nan ba su ci koyoti ba, yawancinsu ba su ko taɓa shi ba. Koyoti ya ba ɓera, ɓera ya ba kare, kare ya shigo da ita ɗaki.

6. ƁARIN SHANU

Akwai wata kuma da ba tsutsa ba ce sosai, ƙwayar cuta ce ƙarama wadda sai da madubi a ke gani, amma ita ma hanjin dangin kare ne gidanta. Sunanta Niyosfora. An fara lura da ita a karnuka a ƙasar Nowe a 1984, aka raɗa mata suna a 1988. A farkon shekarun 1990 aka gane ita ce babban dalilin ɓarin shanun madara a Kalifoniya. A 1998 aka tabbatar kare ne ya ke zubar da ƙwanta, a 2004 aka tabbatar koyoti ma yana yi.

Ga hanyarta. Saniya ta yi ɓari ko ta haihu a fili, aka bar ɗan tayin da mabiyiya a yashe. Kare ko koyoti ya ci. Bayan 'yan kwanaki ya yi kashi a kan harawa, ko dusa, ko bakin wurin shan ruwa. Wata saniya mai ciki ta ci, ciki ya zube, yawanci tsakanin wata na 4 da na 7. In bai zube ba, a kan haifi maraƙa mai kyaun gani amma da cutar a jikinta, ita kuma in ta girma ta ba 'ya'yanta tun suna ciki. Ta haka cutar ta kan zauna a garke tsara bayan tsara. Babu maganin da ke fitar da ita daga jikin saniya.

Shawarar da likitocin dabbobi su ke ba makiyayan Amurka mai sauƙi ce: a kwashe mabiyiya da ɗan tayi da mushe nan da nan, a rufe rumbun abincin shanu, a shinge wurin ruwa. Manomin da ya jefar da mushen maraƙi bayan gona, shi ya ciyar da koyoti, ya kuma koya masa hanyar garkensa.

7. KISA BAI TARE HANYA BA

Wani zai ce, to, a kashe koyotin duka mana. An gwada. Tun 1915 gwamnatin Amurka ta ɗauki maharba domin wannan aiki, a 1931 ta kafa doka a kansa. An yi amfani da bindiga, tarko, guba, har da harbi daga jirgin sama. Gubar ta kashe gaggafa da karnukan gida da sauran namun da ba su yi laifi ba, har a 1972 shugaban ƙasa Nikson ya hana zuba ta a filayen gwamnati. A shekarun nan ma'aikatan gwamnati kaɗai suna kashe fiye da 50,000 kowace shekara. Duk da haka koyoti ya fi dā yawa da faɗin ƙasa. Inda aka rage su abinci ya kan wadata, 'ya'ya su rayu da yawa, waɗansu kuma su shigo daga maƙwabta su cike gurbin.

Ga inda aka ci nasara. A tsibirin Sen Lorans na Alaska babu koyoti, amma ƙaramar tsilar nan tana tsakanin yanyawar ƙanƙara da ɓeraye da karnukan ƙauye, ta kuma kashe mutane. A ƙauyen Sabunga aka riƙa ba kowane kare maganin tsila mai suna firazikwantel kowane wata har shekara 10. Ɓerayen ƙauyen masu cutar suka ragu daga kashi 29 cikin 100 zuwa kamar 5. Ba a taɓa namun daji ba, karnukan gida kaɗai aka lura da su.

A tsibirin Aislan kuma 'yar'uwar wannan tsila, mai bi tsakanin kare da tumaki, ta addabi mutane ƙwarai a ƙarni na 19. Wani likita daga Denmak mai suna Harald Krabbe ya je ya yi bincike a 1863, a 1864 aka buga ɗan littafinsa cikin harshen mutanen aka rarraba gida gida. Abin da ya koya musu shi ne kada a ba kare kayan cikin tumaki ɗanye. Daga baya aka sa harajin kare, aka mai da yanka zuwa mayanka. A cikin ƙarni na 20 cutar ta ƙare a ƙasar. Niyu Zilan ta bi irin wannan hanya, a 2002 ta sanar ba a ƙara ganin cutar a dabbobinta.

8. INA RUWANMU?

Babu koyoti a Afirka, tsilar ɓeran nan kuma ta ƙasashen arewa ce masu sanyi. Amma 'yar'uwarta, wadda aka kora daga Aislan, tana nan tare da mu. Binciken da aka yi a mayankan Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri ya same ta a raƙuma, shanu, tumaki da awaki, ta fi yawa kuwa a raƙuma. Alamarta jakar ruwa ce mai farin bango mai kauri a cikin huhu ko hanta, daga girman ƙwan kaza har ta fi lemo. In an tsaga ta, ruwa ya fito da wani abu kamar yashi. Yashin nan kawunan tsila ne, dubbai.

Me a ke yi da irin huhun nan a wurin yanka? Mahauci ya yanke wurin da ya ɓaci ya jefar, karnuka suna tsaye suna jira. Bayan kamar mako 6 karen ya fara zubar da ƙwai a tsakar gida, a lambu, a bakin rijiya. Tumaki su ci, yara su ci. A jikin mutum jakar ta kan yi shekaru tana girma a hanta ko huhu, har ciki ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, sai an kai shi babban asibiti. A ƙasar Turkana ta arewacin Kenya, inda makiyaya su ke zama kusa ƙwarai da karnukansu, wannan ciwo ya yi yawa fiye da kusan ko'ina a duniya.

Dila da kura suna cin mushen da muka yar, su ma suna iya ɗaukar dangin tsilar nan. Amma dila ba ya kwana a zaure, ba ya lasar kwanon yaro. Kare ne ya ke haɗa daji da gida, kare kuwa a hannunmu ya ke.

9. ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

(1) A haƙa rami mai zurfi kusa da wurin yanka, a yi masa murfi mai nauyi. Duk hanta, huhu ko kitsen da aka ga jakar ruwa a ciki, a jefa shi can ko a ƙone shi. Kada a ba kare, kada a jefa wa ungulu.

(2) In za a ba kare kayan ciki, a dafa su har tsakiya ta nuna. Tafasa tana kashe jakar da abin da ke cikinta. Maharba su yi haka da cikin zomo da gada da gafiya.

(3) Mushe, ɗan tayi da mabiyiya, a binne su ranar, zurfin da kare ba zai tona ba, a ɗora ƙaya ko duwatsu. Kada a ɗauke su da hannu tsirara, gama ciwon bakkale ma yana kama mutum ta nan. A sa leda a hannu ko a yi amfani da shebur.

(4) A rubuta sunan kowane mai kare a littafin ƙungiya. A tara kuɗi a sayi firazikwantel ta hannun malamin dabbobi, a sa rana ɗaya kowane mako 6 a ba dukan karnukan gari tare. Malamin dabbobi ya auna gwargwadon nauyin kare. Maganin macijin ciki dabam ne da na tsila, a tambaye shi duka biyu. 'Yan kwikwiyo a fara ba su na macijin ciki tun suna mako 2, tare da uwarsu.

(5) Maganin yana kashe tsila amma ba ya kashe ƙwanta. Saboda haka a ɗaure kare kwana 2 ko 3 bayan ya sha, a kwashe kashinsa da shebur a binne ko a ƙone.

(6) A ciyar da kare a gida. Kare mai yunwa shi ne mai bin juji da mushe. Wanda ba zai iya ciyar da 3 ba, ya riƙe 1.

(7) A shinge lambu da bakin rijiya. A ɗora harawa da dusa bisa rumfa inda kare ba zai hau ba.

(8) Yara su wanke hannu da sabulu ko toka bayan wasa da kare, da kafin cin abinci, su kuma sa takalmi. Latas, kabeji, karas da tumatir, a wanke su da ruwa mai tsabta sosai. Kada kare ya lashi kwanon da mutum zai ci abinci a ciki.

Waɗannan ayyuka ba na mutum ɗaya ba ne. In gida 9 sun ba karnukansu magani, na 10 ya ƙi, karensa zai ci gaba da shiga lambun kowa. Shi ya sa muka kawo maganar gaban ƙungiya. Rami guda da littafi guda da rana guda ta magani ba su kai kuɗin rago ɗaya ba, balle kuɗin fiɗa a asibiti. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ta wace hanya ƙaramar tsilar koyoti ta kai ga mutanen Albata? A zana hanyar a allo ko a ƙasa.

2. Don me kashe koyoti bai rage su ba? Me mutanen Sabunga da na Aislan suka yi dabam?

3. Wa ya taɓa ganin jakar ruwa a huhu ko hantar dabba? Ina aka kai ta?

4. Karnuka nawa ne a garinmu? Nawa ne suka sha maganin tsila bana?

5. Ina mu ke jefar da mushe da mabiyiya yanzu?

6. Wa zai ba da wurin rami, su wa za su haƙa, wace rana? Wa zai je wurin malamin dabbobi? Magatakarda ya rubuta sunayen, a karanta su a taro mai zuwa.